Yadda ake aiki da injin shokin na gashin ƙashi, da wuraren da ba a ɗora shi

Wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya shigo mini ɗakin gashin ƙashi na asibiti riƙe da 'yar leda. Ya zazzage ta a kan tebur: ƙaramin inji kamar rediyon aljihu, wayoyi biyu, da fayafayan manne guda huɗu da suka sha ƙura. Ya ce, "Likita, yarona ne ya aiko mini daga waje, wai maganin ciwon baya ne. Yau kwana goma sha biyu ina sawa, ko gezau." Na ce, "Baba, gwada mini yadda kake yi." Sai ya fara shafa man zafi, ya manna faifai ɗaya a kafaɗa, ɗaya can bayan cinya, ya ɗan murɗa maɓalli, da ya ji abu ya motsa sai ya yi maza ya saki. Ya ce tsoro yake ji kada wuta ta ja shi.

Injin nasa lafiyarsa ƙalau. Irin wanda ake rubuta TENS a jikinsa ne, wato mai tura ɗan lantarki ta fata don rage ciwo, mai batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na volt 9, kuma irinsa ne muke da shi a ɗakin gashi. Abin da ba a aiko masa da shi ba shi ne bayani, don takardar da ke cikin kwalin ba da Hausa aka rubuta ta ba. Abin da na zauna na faɗa masa ranar nan shi zan shimfiɗa a nan, da ƙarin abin da lokaci bai ba mu damar taɓawa ba.

Sai an fara warware wata kalma. Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya: wadda jini ke bi, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi irin ta agara, da kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ta ukun nake nufi duk inda na ce jijiya a nan. Saƙon da take ɗauka shi kansa ɗan lantarki ne mai rauni ƙwarai. Injin ba ya zuba wa jiki wani ƙarfi daga waje, ba ya wanke jini, ba ya narkar da kitse, duk da abin da masu talla a tasha ke faɗa. Aikinsa guda ne: ya ƙwanƙwasa wa jijiya ƙofa ta cikin fata, ita kuma ta tashi ta kai saƙon da dama ta saba kaiwa.

Jijiyoyin nan ba sa amsawa lokaci ɗaya, kuma duk hikimar aikin a nan take. Idan ka fara murɗa maɓallin ƙarfi daga sifili, masu kauri da ke ɗauke da jin taɓi su ne ke fara farkawa, sai ka ji yar-yar kamar kiyashi na tafiya a wurin. Ka ƙara, masu motsa tsoka su tashi, ka ga nama yana harbawa. Ka wuce nan, siraran da ke ɗauke da zafi su amsa, ka ji kamar ana soka maka allura. Mai neman sauƙin ciwo yawanci a mataki na farko yake tsayawa, mai son tayar da tsoka yana hawa na biyu, na uku kuwa babu mai aiki da shi a gida.

Masuntanmu sun riga mu sanin wannan ji. Minjirya, kifin nan mai laushin jiki, idan ka damƙe ta sai ta girgiza ka har kafaɗa, kuma da sunanta muke kiran abin da ƙafa ke yi idan mutum ya daɗe zaune a kanta. A ƙasar Rum, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, wani likita mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan shokin har wurin ya sage. Dalilin da ya sa hakan ke aiki bai fito fili ba sai a 1965, da Ronald Melzack da Patrick Wall suka yi bayanin cewa a cikin laka akwai wani wuri mai kama da ƙofa, inda saƙon taɓi da saƙon zafi ke haɗuwa kafin su hau ƙwaƙwalwa. Idan saƙon taɓi ya yi yawa sai ya cunkushe ƙofar, na zafi ya samu 'yar hanya kaɗan. Kowace uwa tana aiki da wannan ilimi ba tare da ta san sunansa ba: yaro ya buge ƙwauri da turmi, ta mulmula wurin tana hura masa, ya yi shiru. Injin TENS mulmulawa ce da ba ta gajiya.

Kafin ka manna komai, akwai mutanen da ba na bari su taɓa shi. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko wata na'ura mai batir a cikin jiki, ya nisance shi. Mai juna biyu ba ta sawa a ciki, ko mara, ko ƙugu. Mai farfaɗiya sai da izinin likitansa, kuma ko an ba shi ban da kai da wuya. Ba a ɗorawa a kan ƙari ko inda aka ce akwai ciwon daji, ba a ɗorawa a kan gyambo ko fatar da ta saluɓe. Sharaɓar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, ta yi tauri, musamman bayan tiyata ko haihuwa ko doguwar jinya, ana tsoron jini ne ya daskare a ciki, kuma motsa tsokar na iya ɓantaro gudan ya tafi huhu. Wannan asibiti ake kai ta da gaggawa.

Ko ga mai cikakkiyar lafiya akwai wuraren da aka haramta. Gaban wuya, gefe da gefen maƙogwaro, akwai wurin da ke sarrafa hawa da saukar jini, idan aka taɓa shi da lantarki mutum na iya sumewa ko maƙoshi ya shaƙe. Ido da kewayensa ma haka. Kuma kada ka sa faifai ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, domin lantarkin tsakanin fayafayan biyu yake bi, zuciya kuwa tana tsakiya.

Akwai sharaɗi ɗaya da na koya da tsada. Ina sabon fara aiki aka kawo wata tsohuwa mai ciwon suga, ƙafa tana jan ƙasa. Injin da na yi mata aiki da shi babba ne na asibiti, mai tura lantarki ta hanya ɗaya ba ya juyawa. Na tambaye ta, "Iya, kin ji?" Ta ce a'a. Na ƙara. "Yanzu fa?" Ta ce, "Ɗana, ban ji komai ba." Na ƙara. Da na ɗaga faifan sai ga ƙuna kamar girman kwabo a ƙwaurinta. Suga ya riga ya kashe jin fatar, ni kuma ban gwada ba. Ƙunar nan ta ci makonni kafin ta rufe, kuma duk ranar da aka zo wanke ta ina tsaye a wurin ina jin kunyar 'ya'yanta. Tun daga ranar ba na manna wa kowa faifai sai na sa ya rufe ido, na taɓa wurin da auduga, na taɓa da bakin tsinke mara kaifi, ya bambance mini. Idan bai bambance ba, to ba a wurin za a sa ba. Haka yaro ƙarami da tsohon da hankalinsa ya fara gushewa: wanda ba zai iya ce maka "ya yi yawa" ba, ba a barin sa da injin.

To, idan duk wannan bai shafe ka ba, ga yadda za ka yi.

Ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka tsane shi sosai. Babu man zafi, babu man kaɗanya, babu basilin. Mai yana hana faifan kamawa, man zafi kuwa yana ruɗa fata har ka kasa sanin ko injin ne ke yi maka zafi. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa ta yi furu-furu, ka goga wurin da jiƙaƙƙen tsumma ka ɗan jira kafin ka manna, don busasshiyar fata ba ta barin lantarki ya shiga da daɗi, sai ya riƙa tsunkuli. In akwai gashi da yawa a rage shi da almakashi, kada a aske da reza a take, saboda 'yan yankan da ido ba ya gani.

Ka tabbata injin a kashe yake, sannan ka jona wayoyi da fayafayai, ka manna. Dokar wurin mannawa mai sauƙi ce: ka sa ciwon a tsakiya. Ga ciwon ƙugu, faifai ɗaya a dama da ƙashin baya, ɗaya a hagu, a kan naman da ke gefe, ba a kan ƙashin kansa ba. In injin mai waya biyu ne, ka ƙara biyu a sama ko a ƙasa da su. Ga gwiwa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, a bar ƙoƙon gwiwar a tsakiya. Ga ciwon mara na al'ada, a ƙasan cibiya hagu da dama ko a ƙugu, muddin an tabbata babu ciki. A bar aƙalla faɗin yatsu biyu tsakanin faifai da faifai. In sun matsu da juna lantarkin a saman fata zai tsallaka, in kuma sun yi nisa kamar na Baba, ya bazu ya rasa inda zai yi aiki.

A jikin injin za ka ga maɓallin da aka rubuta Hz kusa da shi. Shi ne yawan bugun da injin ke yi a sakan ɗaya. Akwai wani mai alamar µs, shi ne tsawon kowane bugu, kuma ma'auninsa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Don rage ciwo ta hanyar cunkushe ƙofar nan, ka sa Hz tsakanin 80 da 120, ka sa µs wajen 100. Sannan ka kunna, ka riƙa murɗa ƙarfi sannu a hankali.

A nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure, kuma nan ne kuskuren Baba mafi girma. Ɗan yar-yar ɗin farko ba magani ba ne. Ka ci gaba da ƙarawa har jin ya yi ƙarfi sosai, ya cika wurin, amma bai kai ga zafi ba, tsoka kuma ba ta fara harbawa ba. Abin da nake ce wa marasa lafiya shi ne, "Ya yi ƙarfi, amma ka iya hira da ni ba ka yamutsa fuska ba." Bayan minti biyar zuwa goma za ka ji kamar batir ya yi sanyi. Ba batir ba ne, jijiya ce ta saba, sai ka ɗan ƙara ya dawo yadda yake. Minti 30 zuwa awa ɗaya ya isa a zama guda, kuma ana iya maimaitawa a yini. Idan ka gama, ka mayar da ƙarfi sifili, ka kashe, sannan ka ɓare faifan ta gefensa, kada ka fizgo waya. Ɗan ja da ke gushewa cikin awa ɗaya ba komai ba ne. Ƙuraje ko ƙaiƙayin da ya kwana alama ce fatar ba ta son wannan mannen, a sauya wuri ko a sauya faifai.

Akwai hanya ta biyu ga ciwon da ya daɗe ya zauna can ciki. A sauke Hz zuwa 2 ko 4, a ɗaga µs zuwa 200, a ƙara ƙarfi har tsoka ta riƙa harbawa ɗaya-ɗaya ana gani. Wannan yana sa jiki ya saki nasa sinadaran kashe zafi. Ba ya kamawa da wuri kamar na farko, amma sauƙinsa yakan ɗan jima bayan an kashe. Kada a wuce minti 30, in ba haka ba washegari tsokar ta yi tsami. Wanda ya daɗe yana shan tramadol ko danginta, sau da yawa wannan hanyar ba ta yi masa, domin wurin da take bi a jiki shi ne ƙwayar ta riga ta dakusar. Irinsa na farkon nake sa masa.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya sa wasu abokan aikina ba sa son injin nan. Sauƙin da yake kawowa yawanci yana nan ne lokacin da yake kunne da ɗan bayansa. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojinta na 2016 kan ciwon ƙugu, cewa ta yi kada a ba da shi. Ni ban jefar da nawa ba, amma na daina yi masa kallon magani. Mutumin da ciwo ya hana shi motsi, idan na samo masa minti arba'in na sauƙi, a cikin minti arba'in ɗin nake sa shi ya taka, ya lanƙwasa, ya yi atisayen da zai ƙarfafa bayan. Saboda haka ba na son ganin mutum kwance a gado da injin yana kallon rufi. Ka saƙala shi a ƙugun wando, ka tashi ka zaga tsakar gida. Abin da dai ba a yi da shi a jiki shi ne tuƙi, da wanka, da barci, da aiki da wani inji mai kaifi.

Ɗaya aikin lantarki kuma shi ne tayar da tsoka, wanda za ka ga an rubuta EMS ko NMES a jikin injinsa. Bayan tiyatar gwiwa, ko bayan an cire filasta, babbar tsokar gaban cinya takan zube, mutum ya umarce ta ta ƙi. Ana amfani da manyan fayafayai, ɗaya a saman cinya, ɗaya a ɗan tudun naman da ke sama da gwiwa ta ciki. Hz 35 zuwa 50, µs wajen 300, sannan a saita shi ya kama na sakan 10 ya saki na sakan 30 zuwa 50. Hutun nan ba ado ba ne. Idan ƙwaƙwalwa ce ke sa tsoka aiki, karɓa-karɓa take yi wa zaruruwanta kamar 'yan gayya, wasu na noma wasu na shan fura. Injin bai san wannan ba, waɗanda ke ƙarƙashin faifan yake kora gaba ɗaya kowane lokaci, shi ya sa suke saurin gajiya. Kamu goma zuwa goma sha biyar masu kyau sun fi hamsin na tsokar da ta galabaita. Kuma duk lokacin da injin ya kama, kai ma ka matse tare da shi da niyyarka.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki wannan niyyar ita ce kan gaba. Jijiyar hannunsa lafiya take, a ƙwaƙwalwa ɓarnar take, don haka tsoka tana amsa wa injin. Muna manna fayafayai a bayan sangalin hannu, ɗaya a kan naman da ke kusa da gwiwar hannu, ɗaya ƙasa da shi, mu riƙa gusar da su har wuyan hannu ya ɗaga sak, yatsu su buɗe. Sannan in ajiye kofi ko carbi a gabansa, in ce idan ya ji ya kama ya miƙa ya buɗe hannu a kan kofin, idan ya saki ya damƙa. Ana yin irin wannan ga kafaɗar da ta saki ta zazzago, da ƙafar da ke jan ƙasa. Tun 1961 wani likita mai suna Liberson ya haɗa injin da makunni a ƙarƙashin diddige, ta yadda da mutum ya ɗaga ƙafa lantarki zai ɗago masa yatsu. Duk waɗannan sai ma'aikacin gashi ya fara nemo wurin, ya yi maka alama da alƙalami a fata, kafin a ci gaba a gida.

Inda nake ganin iyaye suna asarar kuɗi shi ne kan yaran da allura ta taɓa wa jijiya a mazaunai, ƙafa ta faɗi. A nan jijiyar ce kanta ta samu rauni. Injin gida ta hannun jijiya yake magana da tsoka, idan babu ɗan aike babu saƙo, ko ka murɗa shi ƙarshe sai dai yaron ya yi ta kuka. Tsokar da ta rabu da jijiyarta tana buƙatar bugu mai tsawon da ya ninka na injin gida sau ɗaruruwa, kuma wannan aikin asibiti ne. Jijiya in za ta toho, kamar milimita ɗaya take yi a rana, wajen inci ɗaya ke nan a wata. Ka auna daga mazaunai zuwa ƙwauri ka ga watannin da ke gaba. Abin da zai ceci ƙafar a wannan jira shi ne lanƙwasa idon sawu da hannu kullum da sa takalmin gyara, don kada agara ta ƙage. Karkacewar baki ma, wadda ake cewa iska ta bugi mutum, ba na sa mata shokin. Mafi yawa suna warwarewa, kuma abin gaggawa shi ne ganin likita cikin kwana ukun farko da kare idon da ba ya rufuwa.

Sannan ba kowane ciwon baya ake rufe wa baki ba. Idan ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko wani ƙashi ya turo a gadon baya, a binciki tarin fuka na ƙashin baya, don muna ganin sa. Idan ƙafafu suna raunana, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, ko fitsarin ya ƙi fita, a ajiye injin a nufi asibiti a ranar.

Fayafayan su ne ke fara mutuwa. Da an gama a mayar da su kan 'yar robarsu, a sa a leda a rufe, a ajiye wuri mai sanyi, gindin randa ma ya isa. In mannen ya fara sanyi, ɗigon ruwa a shafa da yatsa yakan farfaɗo da shi na 'yan kwanaki. Da zarar gefe ya fara ɗagawa a jefar, domin lantarkin zai taru a ɗan wurin da ya rage manne, nan ne ƙuna ke fitowa. Kowa da nasa, ba a aro.

Baba ya dawo bayan mako biyu da fayafayai sababbi, ya ce yanzu yana ruku'u ba ya dafa bango, amma zaman shago daga hantsi zuwa la'asar har yanzu yana tayar masa da ciwon. Na ƙara masa atisaye biyu, na ce duk rabin awa ya miƙe ya taka zuwa bakin layi. Yana ɗaure ledarsa ya juyo ya ce, "Likita, in lokacin salla ya yi yana jikina fa, in yi alwala da shi?" Na ce, "A'a Baba, ka kashe, ka cire wayoyin, in ka idar ka mayar."